Murjanatu da Kwalbar Surukinta

Duk wanda ya san Murjanatu a Daura ya san ta da yatsu masu launi. In ka gan ta a gidan suna tana gaisawa da mata, za ka hangi shuɗi-shuɗi a gefen farcenta, wani wurin ja-ja, ka ɗauka lalle ne ya ƙi kamawa. Ba lalle ba ne, rinin wurin aiki ne da ke samun hanyar kutsawa ko ta sa safar hannu. In kuwa ka yi gangancin tambayarta, to nemi tabarma ka zauna, don wainarka za ta huce ba ta kai rabin bayani ba.

Abin yana da asali. Mahaifinta, Malam Ma'aruf, marini ne ɗan marini. Tun tana 'yar mitsitsiya ita ke kai masa fura karofi, ta ajiye kwano ta ƙi tafiya. Sai ta tsaya tana kallon yadda ake tsoma farin ƙyalle a rami a tsamo shi kore shar, iska ta ɗan buge shi, ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonta. Kullum sai ta gani, kullum kuma sai ta riƙe baki. Sai dai mace ba ta hawa karofi, nata aikin ɗauri ne a cikin gida irin na mahaifiyarta Shatu. Kafin ta girma ma yadin kanti ya cinye kasuwa, ramukan suka soma cika da shara ɗaya bayan ɗaya. Malam Ma'aruf ya dubi hannuwansa da ba za su ƙara yin fari ba, ya ce wa 'yarsa ta kama boko da kyau.

Ta kuwa kama. Ta gama sakandare ta shiga makarantar koyon aikin lafiya, ɓangaren gwaje-gwaje, ba don tana so ba sai don nan aka samu gurbi. Ta yi watanni tana hamma a aji. Sai ranar da malaminsu ya ɗauko wani ɗan siririn gilashi, ya ɗiga fitsari a kai, ya bari ya bushe, ya gitta shi ta kan harshen wuta, ya zuba masa wani shuɗin ruwa. Ya ɗauraye, ya zuba aidin, ya wanke da sifirit, ya bi da jan ruwa. Murjanatu ba ta san lokacin da ta miƙe tsaye daga bencin baya ba.

"Malam, ai wannan rini ne," in ji ta.

Aji ya kwashe da dariya. Malamin ya ce rini ne mana, ta zo ta leƙa. Ta kafa ido a madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa, sai ga ƙwayoyin cuta ɓaro-ɓaro. Waɗansu ƙulu-ƙulu a cure, sun riƙe shuɗi gam. Waɗansu 'yan sanduna-sanduna, sun saki shuɗin sun ɗauki ja. Kamar dai yadi, wani ya kama rini wani ya zuba. Ranar ko abincin rana ba ta nema ba. Ta kira mahaifinta a waya tana haki, ta ce masa karofi bai mutu ba, ƙanƙancewa ya yi ya koma asibiti. Tsohon bai gane ko kalma ɗaya ba, amma ya sa mata albarka.

Da ta fito aka tura ta wani asibiti a cikin gari, aka ba ta ɗakin gwajin da ke manne da sashen gaggawa, inda ake sauke waɗanda ciwo ya kayar ba shiri. A nan ta san darajar rininta. Hanyar da ta fi tabbaci wajen gano ciwon mafitsara ko na ƙoda ita ce a shuka fitsarin a faranti a jira ƙwayoyin su tsiro, shi kuwa wannan sai ya kwana biyu ko uku, wani lokaci ma sai an aika Katsina. Wanda ke karkarwa a gado ina ya ga wannan lokacin? Rini kuwa, kafin a gama ɗaura wa mutum ƙarin ruwa ta kawo wa likita labari.

Duk son da take wa rinin, ba ta taɓa ɗora masa abin da ba zai iya ba. Takan ce shi shaida ne mai kaifin ido, ba alƙali ba ne. In ya ga ƙwayoyi cunkus tare da mugunya, kama maganarsa. In ya ce bai ga komai ba, kada ka yi saurin naɗe tabarma. Wataƙila mara lafiyan ya riga ya haɗiyi kafso a kemis, wataƙila ya ɗirki ruwa har fitsarin ya tsinke, wataƙila ƙwayoyin ba su yi yawan da ido zai riske su ba. Ga kuma masu kawo mata fitsari daga gida a robar zoɓo. Waɗannan kam sun sha faɗanta. "Hajiya, ciwonki zan duba ko na mai zoɓo?" Haka za ta ce, ta miƙa kwalba mai tsabta, ta koya wa mutum ya bar na farko ya zube ya tari na tsakiya. Mata su rufe fuska suna dariya, maza su kau da kai, ita ko a jikinta.

Mutum ɗaya ne a duniya bakin Murjanatu ke mutuwa a gabansa, shi ne surukinta Alhaji Abdulbaƙi, mahaifin mijinta Suhaibu. Falken shanu ne, dogo, mai ƙarancin magana, ya san hanyar Kongolam ta bakin iyakar Nijar kamar yunwar cikinsa. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ambatar sunansa ba, ba ta taɓa kai loma baki yana gani ba. In za ta gaishe shi daga bakin ƙofa take durƙusawa, kanta a ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon wani gefe. In ya hango ta a soro sai ya tsaya gyaran takalmi har ta wuce. Kada wani ya yi mini mummunar fahimta, ba ƙiyayya ba ce. Duk sallah turmin atamfarta ya fi na kowa kyau a gidan. Kunya ce irin ta mutanen da, shi yana jin tata, ita tana jin tasa. Ya dai san tana aiki a asibiti, kuma a zatonsa jini kawai take ɗiba a yatsa.

Wata ranar kasuwar Mai'adua, bayan azahar, Murjanatu na wanke gilasai ta ji mota ta ci burki a ƙofar sashen gaggawa, ta ji wata murya da ta sani tana neman a kawo keken marasa lafiya. Ta leƙa ta taga, ta gane mai muryar. Baba Maharazu ne, dillalin da ke tsaya wa surukinta ciniki, amininsa tun suna samari. Ga Alhaji jingine a kafaɗarsa, babbar riga jiƙe da gumi, haƙora sai haɗuwa suke. A tsakiyar kara, inda ake cinikin shanu, ya yanke jiki ya faɗi ana cikin taya wani bijimi. Suhaibu kuwa direba ne, ya yi lodin Kano tun da safe.

Likitan da ke aiki ranar, Dakta Nabil, ya duba shi. Zazzaɓi mai zafi, amai, ciwo a kwiɓi har gadon baya, ga maganarsa ta soma sarƙewa. Gwajin maleriya bai nuna komai ba. Likita ya sa a ɗaura ƙarin ruwa, ya ce ƙoda yake zargi, amma taifot ma takan zo da irin wannan kama har ta huda hanji. In ƙoda ce, akwai allurar da za a soma masa nan take a nan Daura. In hanji ne, sai a ɗora shi a mota zuwa Katsina wurin masu tiyata. In aka yi kuskuren zaɓi, tsohon zai iya rasa ransa ana maganin abin da ba shi ke damunsa ba. Ya miƙa wa Maharazu kwalba ya ce a tari fitsarin Alhaji, ya ja labule, ya wuce wurin wani ɗan acaɓa da aka kawo da karaya.

Abokin aikin Murjanatu yana hutu, ita kaɗai ce a ɗakin gwaji. Kwalba ta iso. Ta karɓa, tsoro da kunya sun haɗe mata wuri guda. Ta yi bismilla, ta ɗiga, ta busar, ta gitta a wuta, ta rina. Ta leƙa. Fes. Ta zagaya gilashin lungu-lungu, babu ƙwaya babu mugunya. Har ta ce alhamdulillahi, sai ta tuna abin da wannan tsabtar ke nufi, wato hanyar Katsina da wuƙar tiyata.

Ta kai wa likita sakamakon. Ya duba takardar yana murza biro.

"Malama Murja, ke kika sha gaya min in rini ya ce babu, a sake tambaya. Jikin mutumin nan ƙoda yake faɗa min. Zan sa a shirya mota, ke kuma je ki binciko ko ya sha wani magani."

Ta sami Maharazu a baranda yana jan carbi da sauri. Ta rusuna.

"Baba Maharazu, ko Baba ya sha wani magani kafin ku zo? Kafso, ko wani abu na kemis?"

"Alhaji da kafso? Ko ɗaya. Sai dai sassaƙe, shi ma ya kwana biyu bai sha ba."

"Ruwa fa, ya sha da yawa?"

"Duk abin da ya sha na sha. Furarmu ɗaya da safe, ruwanmu ɗaya." Ya gyara hula, ya dubi ƙasa. "Shi ya sa ma na ga ai duk ɗaya ne."

Murjanatu ta tsaya cak. "Mene ne duk ɗaya, Baba?"

Carbi ya tsaya shi ma. Maharazu ya waiga dama ya waiga hagu, ya rage murya.

"Da na kai masa kwalbar ya tambaye ni wa zai duba. Na ce ke. Wallahi mutumin da ko zama ba ya iyawa sai da ya ɗago kai, ya ce gara a kai shi kushewa da a kai wannan abu gaban surukarsa. Likita na jira, ni kuma na ga kwalba ce ake so a cika. Sai na zagaya na cika."

Jama'a, ku ji min dillali. Mutumin da in ka kawo masa saniya mai tari ko ka yi mata wanka da madara sai ya gano, yau shi ne ya yi wa asibiti sauyin kaya, kuma har ga Allah yana ganin taimako ya yi. Murjanatu ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Amma can cikin ƙirjinta wani daɗi ya taso mata, don rini bai yi ƙarya ba. Abin da aka ba shi ya duba, gaskiya kuma ya faɗa. Ashe har yanzu ba a tambayi ƙodar Alhaji ba.

"To albishirinka, Baba Maharazu, kai dai lafiyarka lau," ta ce, ta kwasa da gudu ta gaya wa likita a dakatar da mota.

Dakta Nabil ya shiga bayan labule ya yi lallashi, Alhaji ya juya fuska bango. Likita ya ce to shi zai leƙa madubin da kansa. Tsohon ya tambaya wa zai taɓa kwalbar ya yi rinin. Likita ba zai yi masa ƙarya ba, rabonsa da rini tun yana makaranta, kuma ba ya son ya koyi hannu a kan ran mutum. Alhaji ya rufe ido, ya ce a bar shi da Allah. Ga zazzaɓi sai hawa yake.

Murjanatu na tsaye a bakin ɗaki tana jin komai. Kunya kamar ta nutse a ƙasa. Ta gyara mayafi, ta tako, ta durƙusa a bayan labulen inda ba zai gan ta ba. Ba za ta iya yi masa magana kai tsaye ba, don haka ta nemi wanda ya saba tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa.

"Baba Maharazu, ka gaya wa Baba ina gaishe shi da jiki."

Labulen nan ko numfashi ba ya tarewa, amma Maharazu ya juya ya isar da saƙo. "Alhaji, tana gaishe ka da jiki."

"Ka ce ina amsawa."

"Ka gaya masa kunyar da yake ji tawa ta fi ta. Da akwai wani a ɗakin can, wallahi da na bar asibitin nan har sai an sallame shi. Amma babu kowa sai ni."

Tsohon ya amsa, fuskarsa na bango. "Ka ce mata albarka."

Jin kalmar kasuwa, sai Maharazu ya dawo hayyacinsa. Ya maida carbi aljihu, ya gyara tsayuwa. "Alhaji, ba a fushi da tayin farko. Malama, ƙara."

Murjanatu ta ƙara. "Ka gaya masa na duba na mutanen Daura, na duba na Mai'adua, na duba na waɗanda suka tsallako daga Nijar. Ban san su ba, ba su san ni ba, Allah ya ba su lafiya ta hannuna. In na bar kakan 'ya'yana ya tafi don kawai ina surukarsa, ya gaya min abin da zan faɗa wa Suhaibu in ya dawo daga Kano."

Wannan karon Maharazu bai maimaita ba. Tsohon ya yi nishi, ya kira shi.

"Maharazu."

"Na'am, Alhaji."

"Surukata ba za ta ga wannan abu ba. Na faɗa, ban kuma janye ba." Ya tsaya ya ja numfashi. "Amma 'ya takan yi jinyar ubanta, ba wanda ya taɓa cewa abin kunya ne. Ka tambaye ta. In ta yarda daga yau 'ya ce a gidana ba suruka ba, a kawo kwalba."

"Malama, kin ji tayi."

"Na yarda," in ji Murjanatu, hawaye na ɗiga a mayafinta.

"Alhaji, an sallama. Allah ya sanya albarka." Maharazu ya tafa hannu kamar ya ɗaure cinikin garke guda.

Wannan karon likita bai yarda da dillali ba, wani ma'aikacin jinya namiji ya sa ya tsaya a kai. Da kwalbar ta iso, tun kafin Murjanatu ta buɗe ta ga bambanci, don fitsarin a gurɓace yake kamar ruwan gasara. Ta ɗiga, ta busar, ta gitta a wuta. Shuɗi, ɗauraya, aidin, sifirit, ja. Jiran gilashin ya bushe ya zame mata aiki, sai zagaya tebur take tana salati. Ta ɗora shi a madubi, ta kafa ido, ta murɗa a hankali.

Ga su nan. Jajayen sanduna cunkus, ko'ina ta juya su ne, ga mugunya jibge a tsakaninsu. Ba ta taɓa murnar ganin cuta irin ta ranar ba. Ta fito da gudu, ita da ke hana mutane gudu a baranda, takalmi ɗaya ya fice ba ta waiwaye shi ba.

"Likita, ƙoda ce! Sanduna ne jajaye, sun cika fili, ga mugunya."

Dakta Nabil ya buga tebur da tafin hannu yana murmushi. Ya sa aka kawo allura aka soma nan take, ya ce a sallami direban mota, a aika sauran fitsarin a shuka don a tabbatar an dace da maganin. Maharazu ya bi bayan Murjanatu da takalminta a hannu yana tambayar ko sandunan nan suna da ƙaho.

Suhaibu ya iso da yamma hankali a tashe, ya tarar an riga an yi mai wuyar. Zazzaɓin bai saki da sauƙi ba, sai da ya ja su kwana biyu suna zullumi, yana sauka yana hawa. Murjanatu takan zo ta tsaya bayan labule ta saurari numfashinsa, ta koma bakin aiki. A rana ta uku da hantsi gumi ya karyo masa, ya buɗe ido ya ce yunwa yake ji. Sakamakon shuka ma ya dawo, bakinsa ɗaya da rini.

Da Murjanatu ta zo gaisuwa ta durƙusa daga nesa yadda ta saba. An yaye labule, tsohon na zaune jingine da matashi yana shan kunu, Maharazu a gefensa. Ta sunkuyar da kai ta yi gaisuwa. Alhaji ya ajiye ludayi, ya ce an gaya masa wai abin da ya kayar da shi ana iya ganinsa da ido, shi kuwa yana so ya ga fuskar abokin gabarsa.

Dama ta ɗauki hoton ƙwayoyin da waya ta bakin madubi. Ta nemo shi, ta miƙa wa Maharazu don ya miƙa masa. Maharazu ya kawo hannu, tsohon ya kaɗe hannun.

"Kai kuma wa ya sa ka? Ciniki ya ƙare." Ya juyo ya dube ta sosai, ido cikin ido. "Miƙo min da hannunki."

Ta taso, ta miƙa da hannu biyu. Ya ƙura wa hoton ido, ya nesanta shi, ya matso da shi.

"Waɗannan 'yan abubuwan ne suka so kai ni kushewa?"

"Su ne, Baba."

"Ni da na sha riƙe bijimi da ƙaho." Ya girgiza kai. "Ban gane kansu ba. Wanne ne cutar, wanne ne mugunyar?"

Murjanatu ta buɗe baki, ta tuna gaban wanda take, ta rufe. Tsohon ya janye ƙafafunsa gefe, ya buga katifa da tafin hannu.

"Zauna nan, 'yata, ki yi min bayani. Tun daga farko."

Ta zauna a bakin gadon tana share ido da gefen mayafi, ta ɗora yatsa a kan hoton, ta fara.